Yadda Na Bi Motar Doki Daga Zango Zuwa Dutsi Don Wanke Sunana

Alhaji Barau ya kira ni macuci a bainar jama'a. Ba a bayan idona ba, ba kuma a waya ba. Har garejina ya tako wata Asabar da hantsi, ga masu motoci uku suna jiran aiki, ga mai shayi, ga masu faci, ya nuna ni da makullin mota ya ce mataccen batir na sayo na goge da mai na manna masa a matsayin sabo, na kusa kashe masa doki. Shekara ashirin da shida ina aikin wayar mota a garin Daura, wanda ake ce wa rewaya. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, ban ɓoye wa kowa ba, amma ban taɓa sa wa mutum waya ta ƙone masa mota ba. Kafin la'asar an janye biyu daga cikin motocin nan uku. Babu wanda ya ce mini kanzil. Sun dai tafi.

Ga asalin maganar don wanda bai sani ba. Ni da Barau benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi Allah ya buɗa masa ta hanyar dabbobi har ya zama mai barga. Yana da wani baƙin ingarma da ake kira Akawali, wanda masu goɗiyoyi ke roƙon a kai musu barbara don su samu iri. Yana kuma da motar kanta da aka rufe wa baya da ƙarfe, a ciki ake ɗaukar dokin. Da bazara ta kama, bayan motar nan ya koma tanda. Shi ne ya ce in sa masa sola. Na ɗora faranti biyu a rufi, na kwantar da su cikin bakin ƙarfen da ya kewaye rufin don kada reshe ya kwashe su, daga ƙasa ma ba a hango su. Batir da na'urar da ke tsare cajinsa na sa su a akwati ƙarƙashin bodi, na jera fanka huɗu a ciki. Da batirin mota ban haɗa komai ba, direba ya ce kada in taɓa masa. Muka gwada a ƙofar gida, fankoki suka wuni suna kaɗawa. Tafiyar farko da aka yi, kafin azahar suka mutu, doki ya dawo yana kumfa.

Na duba komai ban ga laifi ba. Sai na aika masa cewa tafiya ta gaba da ni za a yi, in laifina ne in cire kayana in rufe gareji in koma gona. Ya aiko da amsa: "Ya je." To ga yadda ta kaya, don 'yan gareji da mutanen unguwa da suka ishe ni da tambaya.

TALATA: DAURA ZUWA ZANGO

Ƙarfe shida saura kwata muka bar barga, fitowarmu daga asuba ke nan. Mu uku ne, doki na huɗu. Akwai Mamman direba, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna goro. Akwai Baba Ilu mai kula da dokin, tsoho ne da ya haura saba'in, kunnensa ɗaya ya yi nauyi, tun zamanin mahaifin Barau yake barga. Sai ni da jakar kayan aiki. Kafin mu tashi na hau rufi na shafa farantan da hannuna, lafiya lau. Batir cike.

"Malam Sale, shiga gaba," in ji Baba Ilu. "Kai baƙo ne a motar nan. Ni ina baya da yarona."

Yaron nasa dokin ke nan. Da kansa ya rufe mini ƙofa. Na ji yana 'yan buge-bugensa a baya, can ya daki bodi sau biyu, Mamman ya tayar.

"Injiniya," in ji Mamman, "yau rana za ta yi maka shaida, ko ta tona ka."

"Tuƙa motarka."

Muka biyo ta wajen Kusugu muka kama hanyar Zango. Da doki ba a gudu, arba'in Mamman ke yi. Shinge ɗaya muka tarar. Mai kaki ya leƙo ya ce me muka ɗauko.

"Ango ne, yallaɓai," in ji Mamman. "Amare biyar ke jiransa, kada ka makarar da shi."

Mutumin ya zagaya ya leƙa ta taga, iskar fanka ta bugi fuskarsa. Ya ce, "Doki da fanka, ni anjima rana za ta gasa ni a nan. Ku wuce, Allah ya sanya alheri." Na ji daɗi. Ashe jin daɗin da zan yi ke nan na kwana biyu.

Bakwai saura ashirin muka shiga Zango, tafiyar kilomita ashirin ba kaɗan. Muka sha koko da ƙosai na ɗari biyar biyar a tsaye, muka saki kwalta muka bi burji zuwa wani ƙauye gabas da gari, gidan Malam Haruna mai jar goɗiya. Bakwai da rabi muka isa.

Gwiwata ta dama ba ta son saurin sauka. Kafin in lallaɓa in zagaya in buɗe akwati, tuni Baba Ilu ya yi gaba wajen rijiya yana jan wasu buhunan algarara. Na ɗauka na rufa wa doki baya ne, ban tambaya ba, ba sana'ata ba ce. Na sa mita. Batir ya ja ƙasa fiye da yadda ya kamata, amma ga wuta tana shigowa daga rufi tamkar famfo. Na hau. Farantai tas, ko ƙura babu, har da ɗan danshi. Na ce raɓa ce. Raɓa a tsakiyar bazara! Haka kai yake yi in ya fara kwancewa.

Ina saukowa, aka fitar da doki, sai Mamman ya ja mota ya cusa ta ƙarƙashin wata darbejiya. Na yi tsalle kamar na tsinci dami a kala.

"Ka ga ɓarawon! Sola a inuwa? Haka kuke yi duk inda kuka je?"

"Tun da aka ƙera mota, ta dabbobi a inuwa ake ajiye ta," in ji Mamman. "Kai ka zo ka sake mana addini?"

"Dokin yana ciki ne yanzu? Fitar da ita rana!"

Ya fitar yana gunaguni. Malam Haruna ya ja ni zaure, aka kawo fura da nono mai kauri, na sha na miƙe ƙafa, raina fes, har na fara shirya maganar da zan gaya wa Barau. Goɗiyar ta yi gardama, ta yi ta harbi, ba a gama ba sai sha ɗaya da kwata.

Na koma wajen mota. Baba Ilu yana rijiya da buhunansa. Na sa mita: wuta na shiga da ƙarfinta, amma batir yana nan inda na bar shi. Awa uku da rabi a cikin rana, bai ƙaru da komai ba. Ka taɓa ganin tulun da ake ɗura wa ruwa a gaban idonka, ba ya yoyo, ka leƙa ka ga babu? Na tsaya riƙe da mita kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

ZANGO ZUWA BAURE

Sha ɗaya da rabi muka tashi. Ɗaya saura ashirin Baba Ilu ya daki bodi sau uku, alamar a tsaya. Fankoki sun mutu. Muka gangara gindin wata tsamiya, aka buɗe ƙofar baya, aka sauke Akawali, gumi na zuba a ƙirjinsa. Tsoho ya dinga yayyafa masa ruwa daga duro yana lallashinsa.

"Mu da," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba, "da sassafe muke tafiya, sai kuma yamma. Yanzu an ce akwai fanka, a tafi da rana tsaka."

Muka zauna a nan har uku da rabi. Huɗu da rabi muka isa wajen Baure, gidan Malam Idi mai goɗiya biyu. Ga abin kunyar da ban so in rubuta ba: na kwance batir na ɗaure shi a bayan babur, na kai shi shagon masu cajin waya a jona a janareta. Mai shagon ya dubi batir, ya dube ni.

"Ba kai ne mai solar da aka ce ya zo da motar doki ba?"

"Ni ne."

"To ranar taku ce ta lalace?"

Na ce ya jona kawai. Tuwon dawa miyar kuka aka kawo mana bayan magariba, mai kyau, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. A shagon ƙofar gida muka kwana.

LARABA: BAURE, SANDAMU, DAURA

Da safe, ana can ana fama da goɗiyoyi, na yi dabara. Na ja doguwar waya daga akwati har gaban mota na haɗa mita, don in dinga kallonta muna tafe. Na gwada, wuta na shiga. Na koma ciki na yi sallama da Malam Idi, ya ba ni goro, na fito na tarar Mamman ya riga ya tayar da inji. Tara da ashirin muka ɗau hanya. Na ɗora mita a cinya. Babu komai. Ga rana ƙwal a sama har tana kashe ido, mita ta ce ba ta san zancen ba.

Na ce alhamdu lillahi, wannan karon na kama shi. Wata waya ce ta saki, in inji ya girgiza sai ta rabu.

Sha ɗaya saura ashirin muka tsaya a Sandamu. Ban sauka ba, na zuba wa mita ido. Aka kashe inji, minti biyu, uku, sai ga wuta ta dawo. Ka gani! Na ɗauki jaka na hau rufi. Na kwance kowane haɗi, na yanke, na feƙe, na sake ɗaurewa. Na canja fis. Na bi waya taƙi taƙi har ƙasa ina murzawa ko zan ji inda ta karye a ciki. Ƙarfen rufi ya ƙona mini tafin hannu. Awa guda cur. Ban sami ko ɗaya da ya saki ba, amma na ce watakila na gyara ban sani ba, yana faruwa a sana'armu.

Na sauka na tsallaka titi na sayi ruwan leda na zuba wa hannuna. Na dawo, inji na ruri, na shiga. Sha biyu saura kwata. Mita: babu.

Mamman ya saci kallona. Wannan karon bai yi dariya ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

"Injiniya, in gaya maka gaskiya? Wannan ba na waya ba ne. Hannu aka sa maka. Wa ka kayar a sana'a kwanan nan?"

"Lantarki ba ruwansa da hannu."

"To me ya sa yake jin tsoronka? Kana hawa ya dawo, kana sauka ya gudu. Akwai wani malami a hanyarmu, ba ya tsawwalawa."

Wallahi da ya ƙara matsawa da na ce mu je. Abin da ke cina a rai ya fi wannan muni. Batirin nan a Kano na sayo shi, a cikin kwalinsa. Na ga kwali, na ga hatimi, amma na ga cikinsa? In ni aka cuta, na zo na manna wa Barau, to da me maganarsa ta zama ƙarya? Sai wata zuciyar ta ce, to in batir ne, me ya hana wuta fitowa daga rufi? Sai ta farko ta ce, kai da ka tsaya a aji biyu, me ka sani game da sola in ba abin da ka gani a waya ba? Haka suka yi ta yi da ni.

Hanyar Dutsi dole ta ratsa Daura. Sha biyu da 'yan mintoci muka shigo, kuma titin ta gaban garejina ya bi. Na hango shi tun daga nesa: rumfa, benci, babu mota ko ɗaya, akuyar maƙwabta kwance a inda nake kwanciya in shiga ƙarƙashin mota. Na zame a kujera na ja hula na rufe fuska. Mutum da furfura, yana ɓuya a garinsu.

SHARGALLE ZUWA DUTSI

Ƙarfe ɗaya muka wuce Shargalle muka karya kudu. Ba a yi minti goma ba aka daki bodi sau uku, da ƙarfi. Babu itace kusa, sai da muka ƙara gaba kafin mu sami wani gawo, shi ma inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Da aka buɗe ƙofa, Akawali ƙafafunsa na gaba rawa suke, hancinsa a buɗe, idonsa ya yi ja. Da ƙyar ya sauko. Ruwan duro ya ƙare a kansa, Mamman ya bi wasu masu amalanke ya roƙo jarka biyu. Baba Ilu ya rungume wuyan dokin yana yi masa magana a kunne. Na tsaya gefe ina tunanin in dokin nan ya faɗi a nan, ba gareji kaɗai zan rufe ba, garin zan bari.

Da numfashinsa ya daidaita, tsoho ya zo ya dafa ni.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, Malam Sale. Na san ba ka da mugunta. Ni ma ina iya ƙoƙarina wajen kula maka da kayanka."

Na ce na gode, Baba. Har ƙwalla ta taru mini.

Biyar saura kwata muka shiga Dutsi, gidan Malam Sabi'u. Ya ce a bar doki ya huta sai da safe. Na nemi inda zan kai batir, aka ce mai janaretan ba shi da mai. Dambu da zogale aka ba mu. Na ci loma uku.

ALHAMIS: DUTSI

Aka gama abin da ya kawo mu wajen tara da rabi. Batir ya ɗan sami wuta da safe, amma bai kai ya kawo ba, ga tafiyar awa ɗaya da rabi a gabanmu. Na riga na yanke shawara: muna isa zan cire kayana in ce wa Barau ya yi gaskiya, ko da ban san a kan me ba.

Goma da minti goma aka shigar da doki. Baba Ilu ya rufe mini ƙofa kamar kullum. Mamman ya sa makulli, sai ya shafa aljihu.

"Kai! Wayata na ɗakin Malam Sabi'u."

Ya fita. Inji bai tashi ba. Ina zaune, mita a cinya, ina kallonta ba don komai ba sai sabo. Wuta na shiga. Sai na ga ta faɗi rabi. Mota a tsaye, ko kaza ba ta taɓa ta ba. Na ƙura ido. Na ji ƙuf, ƙuf a saman rufi. Sauran rabin ma ya tafi.

Na manta da gwiwa. Ban san lokacin da na kai saman tsanin mota ba.

Baba Ilu ne durƙushe a rufi. Ya shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna tun daga gaba har baya, a kan farantan kuwa ninki biyu, yana lallaɓa su da tafin hannu kamar mai gyara wa jariri zani, yana ɗaure su da igiya a jikin ƙarfe.

"Baba, me kake yi?"

"Iye?"

"Na ce me kake yi!"

"Buhu nake sawa." Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da yake numfashi. "Shekara talatin ina sawa. In iska ta bugi jiƙaƙƙen buhu, rufi sai ya yi sanyi. Duk inda muka tsaya in sauke in jiƙa in mayar. Ba ka gani?"

Ina gani. Kwana uku ina gani.

"A kan gilashin fa? Wa ya ce ka rufe gilashin?"

"Alhaji mana. Ranar da ka gama aiki ka tafi na tambaye shi, yanzu da aka sa wannan abu, in daina sa buhu? Ya ce in daina? Ya ce in ma ninka a kansa, ko muna tafe ko muna tsaye, kaya ne mai tsada, kada rana ta fasa shi ko tsakuwa." Ya shafa buhun. "Ai zafi yake sha, ko? Zafi kuwa yana ratsa buhu, taɓa ka ji."

Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen buhu. Na rasa ko ihu zan yi ko dariya.

"Haske yake ci, Baba. Haske. Ba zafi ba."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mamman ya dawo, na ce ya riƙe mita ya dinga faɗa da ƙarfi. Na ce wa tsoho ya ɗaga buhu da hannunsa. "Ta zo!" in ji Mamman. Ya mayar. "Ta tafi!" Ya sake ɗagawa. "Ta zo! La ilaha illallahu, Baba, ashe kai ne aljanin!" Sau uku tsoho ya yi. A na ukun ya saki buhun ya zauna.

"Ashe ni nake kashe yarona," in ji shi. "Ni kuma na sa aka ci mutuncinka. Malam Sale, ka yafe mini don Allah."

Na so in sami wanda zan zaga, na duba rufin nan kaf ban samu ba. Tsoho ya yi abin da ya gada da abin da aka umarce shi. Ni fa? Ranar da na gama aiki, wa na yi wa bayani? Babu. Na ɗauka kowa ya sani. Na kwance waya sama da hamsin, ban taɓa buɗe baki na ce Baba ina kake kai buhunan nan ba, don na raina abin da ba sana'ata ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Muka bar buhuna a sauran rufin, farantai a buɗe. Amma tsoho ya tsaya a bakin ƙofar baya ya ƙi shiga.

"Yau ba gaba za ka zauna ba. In ka yarda da kayanka, zo mu zauna tare. Abin da ya sami yarona ya same ka."

Na shiga.

DUTSI ZUWA GIDA

Sha ɗaya saura minti goma muka tashi. Na zauna a kan damin harawa, doki na hura mini numfashi a ƙeya. Idona a kan fankoki. Sha ɗaya da ashirin da biyar muka wuce Shargalle, suna kaɗawa. Muka sake tarar da shinge, suna kaɗawa. Baba Ilu yana sa hannu a ƙirjin doki yana dubawa, a bushe. Wajen sha biyu, lokacin da rana ta fi ƙuna, Akawali ya sunkuyo ya fara zarar harawar da nake zaune a kai. Tsoho ya yi dariya har ana ganin dasashinsa. Ni ban yi ba, ina jiran su mutu. Ba su mutu ba.

Sha biyu da rabi muka shiga barga. Na sa mita: batirin da muka taso da shi kusan fanko ya ƙaru, alhali fanka huɗu sun sha a jikinsa tun daga Dutsi. Na ce a bar su a kunne har la'asar, kowa ya zo ya gani.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mu da dabbar mutane. Na gode wa Malam Haruna, Malam Idi da Malam Sabi'u, sun ciyar da ni ina ɗaure da fuska ba su ce don me ba. Mamman, duk da bakinka, na gode da jarka biyun nan. Baba Ilu kuwa babu komai tsakanina da shi sai alheri.

ƘOFAR GIDAN ALHAJI

Bayan la'asar ya fito, da mutanensa biyar ko shida a kan tabarma. Mamman bai bari na buɗe baki ba, ya zayyana komai, har da kwaikwayon "ta zo, ta tafi". Aka yi ta dariya. Alhaji ma ya yi, amma tasa gajera ce. Sai ya juya wajen Baba Ilu, wanda ke tsugune a gefe.

"Kai dai tsufa ya cinye maka kai. Ka kusa kashe mini doki sau biyu. Ina ganin lokacin hutunka ya yi."

Tsoho bai ɗago ba. Bai ce kai ka sa ni ba. Ba zai taɓa cewa ba.

Sannan ya dube ni yana murmushi. "To, Sale, ai shi ke nan, komai ya wuce. Akwai ɗaya motar ma, gobe ka zo ka auna ta."

Ban zauna ba tun zuwana, kuma ban cire takalmi ba. Na matsa har bakin tabarma.

"Barau," na ce. Na ga mutanensa sun ɗago, sun daɗe ba su ji sunan tsirara ba. "Kai ka ce a rufe gilashi. Kai ka ce na cuce ka. Yanzu kuma kai kake korar tsoho. Abu uku, duk baki ɗaya ya yi su. Mutumin nan da bai zage ni ba ya roƙe ni gafara, kai da ka zage ni kana ba ni kwangila. Ni na ɗauki nawa laifin, ban yi bayani ba, ga shi na faɗa a gaban kowa. Ɗaya motar ka nemi wani. In ka kori Baba Ilu, ni zan bi tasha tasha in faɗi wanda ya ce a ninka buhu. Sunana kuwa ƙafarka ta je ta ɓata shi, ƙafarka za ta je ta gyara. In ba za ka iya ba, gaya mini yanzu, in san doki na yi wa aiki, ba mutum ba."